Hunturu Ko Baƙin Mai: Me Ke Hana Kulocin Babur Saki da Sassafe a Karkarar Kano?

Daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, duk wanda ya fito bayan sallar asuba a ƙauyukan Dambatta, Makoɗa, Kunchi ko Bichi zai tarar da abu guda yana maimaituwa a ƙofar gidaje. Mai babur ya naɗe kunnuwa da rawani, ya ja cok, ya yi ta dukan kik har injin ya kama. Ya matse kuloci iya matsewa, ya taka giyar farko, sai a ji ƙwas, babur ya zabura gaba taku guda, injin ya mutu. Ya sake tayarwa, wannan karon ya murɗa totur sosai don kada ya sake mutuwa, ya danna giyar da ƙarfin ƙafa, ya fizga ya tafi. In ka tambaye shi, amsar ba ta wuce kalma huɗu: sanyi ne, zai saki. Kuma sau da yawa, kafin ya kai bakin titi, ya saki ɗin.

Saboda matsalar tana tafiya da kanta, kusan babu mai ɗaukarta a bakin komai. Ni kuwa ina ganin ta cancanci a tsaya a kanta. Sanyin hunturu yana da hannu a ciki, babu musu, amma hannunsa kaɗan ne. Babur biyu iri ɗaya za su kwana a zaure ɗaya, iska ɗaya ta buge su, da safe ɗaya ya shiga giya salin-alin, ɗayan ya yi tsalle ya mutu. Bambancin yana cikin man da aka zuba musu, da tsawon lokacin da ya yi a ciki, da yadda aka saita wayar kuloci, da irin lodin da suka sha a baya. Sanyi yana tona abin da ya riga ya lalace ne, kuma wanda ya iya karanta wannan alama da wuri zai tsira da kuɗin da bai da su.

Yadda babur ya gaji jaki

Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano tana cikin wuraren da jama'a suka fi cunkushewa a karkarar Afirka. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya bayyana tun shekarun 1960 yadda gona ke manne da gona a nan, ana nomawa kowace shekara ba hutu, ana riƙe ƙarfin ƙasa da taki. A wancan zamani jaki ne ke wannan jigila: ya kai itace da hatsi birni, ya komo da mangalar taki. Yau akasarin aikin ya koma kan babur. Shi ke kai buhun gero kasuwar Dambatta ranar Lahadi, shi ke ɗauko kwandunan tumatir da albasa daga fadamun Watari a Bagwai da na madatsar Tomas, shi ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare, shi ke kai malamin firamare makarantar da mota ba ta zuwa. Da gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur cikin birni a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, sana'ar acaɓa ta ci gaba da rayuwa a karkara, inda hanyoyin burji da na ƙafa ba su ba wa Adaidaita Sahu dama sosai ba.

Babura irin su Boxer na kamfanin Bajaj, da Jincheng, da Haojue, da TVS, da ƙananan nan da ake kira roba-roba, su ne suka cika waɗannan hanyoyi. Lokacin da suka fi shan aiki kuwa shi ne bayan kaka, sa'ad da amfanin gona ke fita kasuwa, noman rani ke kankama, bukukuwa ke yawaita. Wato tsakiyar hunturu ke nan, kuma fitar ta asuba ce.

Abin da ke faruwa a cikin injin

Kulocin waɗannan babura ba irin na mota ba ne. Na mota busasshe ne, faifai ɗaya, babu ruwansa da mai. Na babur kuwa jerin faya-fayai ne, waɗanda makanikai ke kira filet, an shirya su ɗaya mai fata ɗaya na ƙarfe zalla, duk suna jiƙe cikin baƙin man da ke shayar da fistin da giya. Sifirin ne ke matse su wuri guda, ta haka ƙarfin injin ke isa ga ƙafar baya. Idan aka matse hannun kuloci, waya ta ja, sifirin ya ɗaga, faya-fayan su sami 'yar tazara. Tazarar nan ƙanƙanuwa ce ƙwarai: dukkan motsin bai wuce milimita biyu ba, kuma faya-fayai takwas ko tara ne za su raba shi. Abin da ke tsakanin kowane biyu bai kai kaurin farce ba, kuma cike yake da mai.

A nan sanyi ke shigowa. Duk matar da ta taɓa ɗauko kwalbar man ja da sassafen hunturu ta san sai ta kara ta kusa da murhu kafin ya zubo. Baƙin mai bai daskarewa haka a yanayinmu, amma hanyar ɗaya ce. A safiyar Janairu ma'aunin zafi a Kano kan sauko zuwa digiri 12 ko 13, wani lokaci ƙasa da haka a fili. Man da aka rubuta wa SAE 40, a irin wannan sanyi, kaurinsa kan ninka wanda yake da shi a cikin injin mai zafi sau arba'in ko fiye. Ga shi kuma babur ya kwana sifirin na matse da faya-fayan, sun manne da juna. Don haka ko an matse hannun kuloci, man da ke tsakani yana ci gaba da jan faifan ƙarfe tare da mai fata. Giya tana juyawa alhali ya kamata ta tsaya. Sai aka taka ta, haƙori mai gudu ya haɗu da haƙori a tsaye, shi ne ƙarar da ake ji. Injin da bai yi zafi ba ba shi da ƙarfi a sulo, don haka nauyin da ya faɗo masa ba zato ya kashe shi.

Dole a faɗi gaskiya a nan: ɗan riƙewar da ke wucewa cikin minti biyu ko uku ba ciwo ba ne. Sabon babur da man kirki ma yakan yi ƙara kaɗan a giyar farko da safe. Abin dubawa shi ne wanda ke kashe injin kullum, ko wanda babur ke rarrafawa gaba alhali kuloci na matse, ko wanda ke hana samun firi sai an kashe injin, musamman in ya ci gaba bayan an yi tafiyar kilomita biyar ko shida. Wannan ya wuce zancen yanayi.

Man da ake zubawa

Injin Boxer ko Jincheng lita guda ko ƙasa da haka yake ci, kuma wannan 'yar litar ita ke aiki uku: fistin, giya, kuloci. Injin ba shi da ruwan sanyaya, iska ce kawai. Tacewar man ma a yawancinsu 'yar raga ce. Saboda haka man babur ya fi na mota saurin gajiya. Zafi yana ƙona shi, hayaƙi yana baƙanta shi, ƙurar hunturu da ta tsallake soson iska tana shiga cikinsa, gogaggen garin fatar kuloci yana taruwa a ciki. Mai da ya tsufa haka yakan yi danƙo, ya bar wani laɓu a jikin faya-fayan, kuma shi ne ke manna su da dare fiye da yadda sabon mai zai yi. Littafin kowane kamfani ya faɗi kilomita nawa za a yi kafin juye, amma a ƙauye agogon gudun babura da yawa ya daɗe da mutuwa, kuma juye ya koma abin da ake yi idan aljihu ya yarda.

Aljihun kuwa ya sha wuya. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira 'yan makonni bayan nan, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura dubu kafin ƙarshen 2024. Baƙin mai ya bi sahu, domin tushen man da ake haɗa shi da shi da sinadaran da ake ƙara masa galibi daga waje ake shigo da su da dala. Ɗan acaɓar da ke da balas, wato kuɗin da yake kai wa mai babur, a kansa kowane mako, idan ya zauna lissafi, fetur ba ya ragewa, balas ba ya ragewa, abincin gida ba ya ragewa. Juyen mai ne kaɗai ke karɓar jinkiri ba tare da ya yi ƙorafi yau ba.

Daga nan sai kasuwar man awo ta buɗe. A bakin kowace tasha akwai tebur da kwalabe jere, an cika su daga jarka ko duro, babu suna babu lamba. Wani daga ciki man kirki ne da aka saro da yawa aka rarraba. Wani tushen mai ne zalla da ba a sa masa sinadari ko ɗaya ba. Wani kuma tsohon mai ne da aka juye daga manyan motoci ko janareta, aka tace, aka gyara masa launi. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta sha sanar da kama jabun baƙin mai a sassan ƙasar nan, har da wanda aka ɗura a galan mai ɗauke da sunan sanannun kamfanoni. Mai saye ba shi da hanyar gwadawa sai ta murza ɗigo tsakanin yatsu biyu, kuma abin da yake nema shi ne kauri, don an daɗe ana gaya masa cewa mai mai kauri shi ne mai kyau. Masu haɗa jabu sun san da haka. Kauri ba shi da wuyar samarwa, kuma shi ne ainihin abin da kulocin sanyi ba ya so.

Akwai kuma lambobin da ke jikin galan, waɗanda mutane kaɗan ke karantawa. Mai mai lamba ɗaya, kamar SAE 40 ko SAE 50, an auna shi ne da zafi kawai. Mai lamba biyu, kamar 20W-50 ko 10W-40, lambar farko tana nuna yadda yake gudana da sanyi, ta biyu yadda yake riƙe jikinsa da zafi. Ba zan yi wa mai karatu alkawarin da ba haka ba: 20W-50, wanda ya fi yawa a kasuwarmu, shi ma yana da kauri da safe, bai fi SAE 40 da wani abin kirki ba a digiri 13. Inda ake ganin bambanci sosai shi ne tsakanin SAE 50 da irin su 10W-40, wanda kaurinsa da safe bai kai rabin na wancan ba. Sai wata alama ta daban, JASO MA, ma'aunin da masana'antun Japan suka fitar a 1998 musamman don man baburan da kulocinsu ke cikin mai. Wasu mayukan mota na zamani suna ɗauke da sinadarin rage gogayya, wanda ke jawo kishiyar matsalar, wato kuloci ya riƙa sulɓewa a kan tudu ko da lodi. Wanda ya gudu daga kauri ya sayi kowane siririn mai na mota, ya sauya ciwo ne da wani ciwon.

Waya, lodi da yashi

Ba duka laifin ke kan mai ba. Wayar kuloci tana miƙewa da amfani, kuma idan wasan da ke hannun ya yi yawa, rabin matsawar a banza take tafiya kafin faya-fayan su fara rabuwa. Littattafan irin waɗannan babura sukan nemi wasa kaɗan ne, milimita biyu zuwa uku a gindin hannun. Ƙurar hunturu kuma tana shiga cikin bututun wayar ta haɗu da busasshen giris, hannun ya yi tauri, ɗan yatsan da sanyi ya sandarar ya kasa kai shi ƙarshe. Hannun da ya lanƙwashe a wata faɗuwa da aka manta da ita shi ma yana rage tafiyar. A roba-roba, da ba shi da hannun kuloci, akwai ɗan kusar saiti a murfin injin ta dama da ke wannan aiki, kuma sulo in ya yi sama shi ma yakan sa ya zabura da an sa giya.

Gyaran da aka fi yi a gindin bishiya yana da nasa haɗari. Mai babur ya zo ya ce, "Oga, kulocin nan ba ya saki," yaron gareji ya ɗauki sifana ya ɗaure wayar tam har wasa ya ƙare gaba ɗaya. Gobe da safe giya ta shiga lafiya, kowa ya gamsu. Amma yanzu faya-fayan ba sa haɗuwa sosai ko an saki hannu, suna ta gogar juna a kan hanya, suna zafi. Bayan 'yan makonni fatar ta ƙone, na ƙarfen su yi shuɗi su karkace. Faifan da ya karkace kuwa, kome tazarar da aka ba shi, gefensa na taɓa na kusa da shi, kuma riƙewar da za ta dawo ba ta jin zafi ba ta jin sanyi.

Irin wannan karkacewa hanyoyinmu ma suna haifar da ita. Ƙasar arewacin Kano jigawa ce mai rairayi. Babur mai ƙaramin injin da aka ɗora wa buhu biyu na hatsi, ko mutum uku da akuya, idan ya shiga yashi, direba rabin kuloci yake riƙewa yana ba da wuta har ya fita. Kowane irin wannan tsallakewa gasa faya-fayan yake yi. Haƙoransu kuma suna sassaƙa gurabu a jikin kwandon da suke zaune ciki, har ta kai ko an sake su sai su maƙale a gurbin. Duk makaniken da ya buɗe murfin ya shafa yatsa a bakin kwandon zai ji su.

Hujjar masu cewa a bar zancen

Masu ganin an cika baki a kan ƙaramin abu suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Ta farko ita ce ƙasarmu ƙasar zafi ce. Sanyi wata biyu ne, safiya kawai, amma a Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma tsohon injin da ringinsa ya gaji mai mai kauri ne ke rufa masa asiri, ya rage hayaƙi da ƙara. Wannan gaskiya ne, shi ya sa ban ce kowa ya koma siririn mai ba. Abin da ya dace shi ne lambar da kamfanin babur ya rubuta, daga galan mai hatimi, a juye kan lokaci. Mai mai lamba biyu an yi shi ne daidai don ƙasar da safiyarta da ranarta suka yi hannun riga. Kuma kaurin da aka samu daga tsufan mai ko daga haɗin jabu ba ya kare injin a Afrilu, don sinadaran da ke hana ƙarfe cin ƙarfe sun ƙare ko ba a taɓa sa su ba.

Hujja ta biyu ita ce ta kuɗi: man galan ya fi na awo tsada, kuma talaka abin da ya samu yake saya. Wannan ce mafi nauyi, kuma ba daidai ba ne a amsa ta da wa'azi. Amma a yi lissafin har ƙarshe. Bambancin kuɗin litar kirki da ta awo da wuya ya kai kuɗin saitin filet da gasket da ladan aiki, balle idan haƙoran giya suka gutsure ko cokalin da ke tura su ya lanƙwashe, wanda ke bukatar a raba injin biyu. Ga kwanakin da babur zai yi a kwance ana jiran a kawo kaya daga Kano, ga balas na tafiya. Duk bugun da giyar farko ke sha da safe, sarƙa da siraket da robobin ƙafar baya suna karɓar rabonsu.

Ta uku ita ce cewa ɗumama babur ɓarnar fetur ce. Ƙaramin injin da ke sulo na minti biyu abin da zai sha bai wuce 'yan cokula ba, ƙasa da abin da ake ƙonawa a tayarwa uku da murɗa totur. Akwai ma dabarar da ba ta cin ko ɗigo: kafin a tayar, a sa giya, a matse kuloci, a tura babur gaba da baya har a ji ƙafar ta saki. Sai a mayar firi, a tayar, a matsa hannun a saki sau da yawa, a mayar da cok, a jira ƙarar injin ta sauko kafin a taka giya. Abin da ya fi damuna a cikin al'adar da ake yi yanzu shi ne murɗa totur kafin sa giya. Babur da ya zabura da wuta a ƙofar gida, inda yara ke fitowa makarantar allo, ko da tsohuwa zaune a baya ba ta gama riƙewa ba, ya fita daga batun gyaran inji ya shiga batun lafiyar mutane.

Inda nauyin ya rataya

Ba adalci ba ne a ɗora komai a kan mai babur. Mutumin da ya biya kuɗin man kirki aka ba shi jabu a galan mai kama da na gaske bai yi sakaci ba. Aikin SON ne da hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta ba wa ikon sa ido kan harkar baƙin mai, su sauko daga manyan ɗakunan ajiya na birni zuwa kasuwannin mako da tashoshin ƙauye, inda kayan ke ƙarewa. Kano tana da nata masana'antun haɗa baƙin mai, irin su Ammasco, kuma su ma jabu cutar da su yake yi. Hatimin da ke da wuyar kwaikwayo, da bayanin lamba da Hausa a jikin galan, da dillalan da aka sani a Bichi da Dambatta, duk abubuwa ne da ke hannun kamfanoni.

Sai ilimin makanikai. Mafi yawansu a gareji suka koya, daga maigida zuwa yaro, kuma hannunsu ya ƙware a kwancewa da ɗaurawa fiye da yadda ake yaba musu. Abin da ba a ba su ba shi ne dalili: me lambar mai ke nufi, me ya sa ake barin wasa a waya, yaya ake gane faifan da ya karkace ta hanyar ɗora shi a kan gilashi a ga ko yana rawa. Wannan darasin yini guda ne. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha tana nan a Bichi, ƙungiyar makanikai ta NATA da ta masu babura ta ACOMORAN suna da rassa a ƙananan hukumomi, kuma rediyo na rataye a kowane gareji. A shirya shi a watan Nuwamba, kafin sanyi ya tsananta, lokacin da kuɗin kaka ke hannun mutane kuma juyen mai bai zama zaɓi tsakaninsa da abinci ba.

Ga mai babur kuwa, tsarin binciken daga mai araha ake farawa. A duba wasan waya a sa mata mai, a duba sulo, a duba ko man bai wuce alama ba, don cikawa fiye da kima ma tana ƙara riƙewa. Sai a juye da injin na da zafi, a wanke ragar, a zuba lambar da ta dace. In bayan wannan duka babur na rarrafawa da kuloci a matse alhali ya yi zafi, to lokacin buɗe murfi ya yi, kuma a canza faya-fayan ƙarfen tare da masu fatar, a duba kwandon, maimakon sa sabuwar fata a kan karkataccen ƙarfe.